Layin Dogon John Allen: Yadda Ƙaramin Jirgi Ya Koyi Aikin Babba

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur ya san abin da ke biyo baya. Ranar farko murna ce zalla. An haɗa dogo ya zagayo, an ɗora kan jirgi da taragu huɗu ko biyar, an murɗa wuta, jirgi ya tashi. Kafin mako ya ƙare sai marmarin ya fara dusashewa, domin jirgin ba shi da wurin zuwa. Inda ya tashi nan yake komowa, bai ɗauko kayan kowa ba, ba mai jiransa a tasha, kuma in ya makara ba wanda ya yi asara. Da yawa daga masu wannan sha'awa a nan suke tsayawa. Sai su shiga ƙara gidaje da bishiyoyi da duwatsu, a zatonsu ado ne ya yi ƙaranci, alhali abin da jirgin ya rasa shi ne aiki.

Lamarin da zan bi diddiginsa a nan na wani mutum ne da ya ɗauki wannan matsala da gaske, ya shafe kusan shekara ashirin yana warware ta a ginin ƙarƙashin gidansa. Sunansa John Allen, layin dogonsa kuma Gorre & Daphetid, a garin Monterey da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Yawancin masu ambatonsa hotunan duwatsunsa da gadojinsa suke tunawa, kuma sun cancanci a tuna su. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarun da ya yi amfani da su har ya sa abin da bai fi tafin hannu ba ya riƙa tafiya kamar mai nauyin tan ɗari, ya kuma sa manyan mutane suka riƙa taruwa kowane mako suna yi masa aiki da natsuwa.

Mutumin da allonsa na farko

An haifi John Allen a 1913 a Joplin ta jihar Missouri. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun dangi, kuma ciwon da ya yi a ƙuruciya ya bar masa raunin zuciya har ƙarshen rayuwarsa. Ɗaukar hoto ya koya a matsayin sana'a. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana Monterey yana ɗaukar sojoji hoto, bayan yaƙin kuma ya sayar da kasuwancin, ya zuba kuɗin a jari, ya sami sukunin da mafi yawan masu sha'awa ba sa samu. Wannan abu ne da ya kamata a faɗa tun farko, don kada wani mai aikin yini guda ya auna kansa da shi ya karaya. Allen bai yi aure ba, kuma lokacinsa nasa ne.

Ya fara ne a ma'aunin da ake kira HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu kuma milimita 16.5. Allonsa na farko, wanda ya fara a wajajen 1946, bai kai ƙafa 4 a faɗi ba, bai kai ƙafa 7 a tsawo ba. A wannan ɗan fili ya nuna abin da idon mai hoto ke iya yi. A 1948 ya shigar da wani ɗan gini na ajiye kawunan jirgi a gasa, ya ci ta ɗaya, kuma abin da ya sa aka yi ta zancensa shi ne dattin da ya yi masa da gangan: fenti ya koɗe, hayaƙi ya baƙanta katako, ga tattabaru a kan rufi har da kashinsu. A wancan zamani yawancin masu gini sun fi son komai ya fito fes kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Allen na daga cikin waɗanda suka sa tsufantar da samfuri ya zama abin da kowa ke yi a yau.

A 1953 ya koma wani gida a gefen tudu, wanda ƙasansa bai gama ginuwa ba. Ya haƙe ƙasar ya faɗaɗa wurin, ya yi dogon nazari a takarda da ƙananan samfura kafin ya buga ƙusa ko ɗaya, sannan a 1954 ya fara shimfiɗar layin dogonsa ta uku, wadda ita ce duniya ta sani. Bai jefar da allon farko ba, ya dasa shi a cikin sabuwar. Duwatsu sun tashi daga daɓen ɗaki har sun kusa taɓa silin, mai kallo yana tsaye a cikin kwazazzabo, jirgi na wucewa a saman kansa ko a daidai gwiwarsa. Gadoji sun haura 100. Madubai sama da 30 ya ɓoye a wurare dabam dabam, an karkata su yadda mutum ba zai ga fuskarsa ba, sai dai ya ga titi ko gari ya ci gaba zuwa inda bango ya riga ya tare. Fitilun ɗakin ma an tsara su yadda rana za ta faɗi a hankali, dare ya yi, tagogin gidaje su haskaka. Wannan ɓangare an yi rubutu a kansa da yawa, don haka ba zan daɗe a nan ba.

Nauyin da babu

Ga inda lissafi ke cin amanar mai gini. In an rage tsawo sau 87, to girman jiki gaba ɗaya ya ragu sau 87 sau 87 sau 87, wato sama da sau 658,000. Taragon da ya yi lodi ya kai tan 40, in aka bi wannan lissafi, giram 60 da ɗoriya zai zama. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar a ƙara wa taragu nauyi fiye da haka don kada su riƙa sauka daga dogo, amma ko da an bi shawarar, taragon ƙafa 40 bai wuce giram ɗari da 'yan kai ba. Abu mai wannan nauyi ba ya jin tsoron tashi, ba ya jin tsoron tsayawa. Ka murɗa totur ya zabura, ka kashe wuta ya ƙame nan take. Jirgin kaya na gaske kuwa yana iya cin fiye da kilomita guda daga inda direba ya taka burki zuwa inda ya tsaya, kuma kusan duk dokokin reluwe, daga sigina zuwa tazarar da ake bari tsakanin jirage, daga wannan gaskiya guda suka samo asali. In an cire nauyi, dokokin sun zama wasan yara.

Allen ya tunkari wannan ta fuska fiye da ɗaya. Ya yi amfani da totur mai jinkirta tashi da tsayawa, yadda in direba ya ba da wuta jirgin zai ɗauki lokaci kafin ya kai gudun da ake so, in ya rage kuma zai ci gaba da gangarawa. Nan take tuƙi ya sauya. Dole mutum ya hango tasha tun daga nesa ya fara shiri, in ba haka ba ya wuce ta. Yau wannan abu ne mai sauƙi, domin tsarin DCC, mai aika wa kowane kan jirgi umarninsa dabam ta cikin dogo, wanda ya bazu tun shekarun 1990, yana da 'yar na'ura a cikin kowane kan jirgi wadda za a saita mata jinkirin tashi da na tsayawa da lambobi biyu kawai. Abin takaici shi ne mutane da yawa suna da wannan dama a hannunsu amma sun bar ta a sifiri, saboda jirgin da ke bin umarni nan take ya fi sauƙin sarrafawa. Sauƙin nan kuwa shi ke kashe daɗin aikin.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wani tarago na musamman da ya ƙera. A waje ba shi da bambanci da sauran, amma a cikinsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da ke zaune a kan lanƙwasasshiyar hanya. In direba ya fizgi jirgi, ko ya buga taragu da ƙarfi wajen haɗa su, ƙwallon zai gangara ya taɓa wayar da ke ƙarshe, jar fitila ta kama a ƙarƙashin taragon. Kowa a ɗakin zai gani. A jirgin gaske, mugun tuƙi yana fasa kaya, yana tsinka ƙugiya, yana jefar da ma'aikacin da ke taragon baya daga kujerarsa. A ƙaramin jirgi ba abin da ke fashewa, don haka Allen ya ƙirƙiro sakamako ya dasa shi a inda babu. Jin kunya a gaban abokan aiki ya maye gurbin asarar kaya, kuma ga dukkan alamu ya isa ya gyara hannun mutum.

Sai hawa. Layin nasa na tsaunuka ne, kuma a wasu wurare hawan ya kai kusan kashi 4 cikin 100, wato dogo ya ɗaga mita 4 a kowace mita 100. A manyan layukan gaske, kashi 2 ma ana ɗaukarsa hawa mai wuya. Wannan tsanani yana da amfani a ɗaki, domin shi kaɗai ne wurin da ƙaramin kan jirgi ke gaza jan kaya da gaske, ƙafafunsa su riƙa sulɓewa a kan dogo. Da zarar haka ta faru, tsawon jirgi ya daina zama abin ganin dama. Dole mai haɗa jirgi a yadi, wato filin da ake rarraba taragu ana haɗa jirage, ya san ƙarfin kan da aka ba shi, ya rage taragu ko ya nemi kai na biyu ya taimaka. Kusan duk kawunan da ke aiki a layin masu tururi ne, irin na zamanin da dizal bai karɓe fage ba, kuma irin wannan iyaka ita ce rayuwar yau da kullum ta ma'aikatan wancan zamani.

Nisa ma haka yake raguwa. Mil guda a ma'aunin HO ƙafa 60 ne da 'yan inci, kimanin mita 18 da rabi. Jirgin da ke gudun mil 30 a awa zai cinye shi cikin minti biyu. Ba ɗakin da zai ɗauki mil hamsin, shi ya sa masu aiki da jadawali suke amfani da agogo mai sauri, wanda ke gudu sau huɗu ko shida ko goma sha biyu fiye da na bango, don tafiyar minti biyar ta zama ta awa guda a takarda. Tun a shekarun 1940 Frank Ellison na New Orleans ya yi ta bayanin cewa shimfiɗa dandalin wasan kwaikwayo ce, jirage su ne 'yan wasa, jadawali kuma shi ne labarin. Allen ya tsawaita tafiyar jiragensa ta hanyar nannaɗe layin a jikin duwatsu hawa hawa, jirgi ya shige rami ya ɓullo a wani tudu, har mai kallo ya kasa gane ta ina ya biyo.

Kowane tarago da inda za shi

A nan zuciyar lamarin take. Reluwe na gaske ba don jirage su yi yawo aka gina shi ba. Wani yana da katako a nan, wani yana buƙatarsa a can, sai a kawo tarago fanko, a yi lodi, a ɗauka, a kai yadi, a ware shi daga waɗanda ba hanyarsu ɗaya ba, a haɗa shi da jirgin da ya dace, a kai shi ƙofar mai kaya. Tafiyar jirgi a tsakanin tashoshi ita ce mafi sauƙi a cikin duk wannan. Wahalar da gwanintar suna wajen shantin, wato rarraba taragu da jera su.

Allen ya sa wa taragunsa 'yan ƙananan alamu a kan rufi. Launin alamar yana nuna garin da taragon zai je, harafin da ke jikinta kuma yana nuna ainihin masana'anta ko layin ratsen da za a ajiye shi. In ya isa, sai a juya alamar, wani sabon wuri ya bayyana. Shi ke nan. Ba takarda, ba dogon rubutu, ba neman lambar tarago da tabarau a cikin duhu. Mai aiki a yadi yana ɗaga ido ya ga launuka a jere, ya san wanne zai bi wane jirgi.

A ɗauki misali. A ce ga tarago a Port, babban birnin tashar ruwa na wannan shimfiɗa, alamarsa na nuna wata masana'anta a garin Gorre. Mai shantin na Port zai ciro shi daga inda yake, kuma wataƙila sai ya fara janye wasu biyu da suka tare masa hanya, sannan ya mayar da su. Zai sa shi cikin jirgin da zai nufi can, ba a ko'ina ba, a wurin da zai yi sauƙin cirewa in an isa. In hanyar ta bi ta babban yadi na Great Divide, mai yadin zai sake duba shi, ya yanke shawara ko ya wuce da jirgin nan ko ya jira na gaba, saboda wannan ya riga ya cika ƙarfin kansa. In an isa Gorre, sai direba ya tarar layin ratsen masana'antar yana fuskantar gabansa ne, ba bayansa ba. Ba zai iya tura taragon ciki ba sai ya sake shi a layin kewaye, ya zagaya da kan jirgi ya dawo ta bayansa. Yana cikin haka kuma jirgin fasinja na tafe a jadawali, kuma layi ɗaya ne. Ko dai ya gama ya kauce kafin lokaci, ko ya bar aikin rabi ya shige ratse ya jira.

Ba wanda ya zauna ya rubuta wannan matsala. Ta taso ne da kanta daga haɗuwar alamu da jadawali da siffar dogo, kuma mako mai zuwa wata dabam ce za ta taso, tunda alamun sun juya. Wannan ne ya sa shimfiɗar ba ta gundurar masu aikinta ko bayan shekaru. Jirgin da ke zagaye a tebur ya gama nuna maka duk abin da yake da shi a zagayen farko. Wannan kuwa ba ta maimaita dare ɗaya sau biyu.

Alamar rufi tana da aibi, kuma masu sukarta suna da gaskiya. Mutum ya ɓata kwanaki yana yi wa tarago tsatsa da ƙura don ya yi kama da na gaske, sannan a ɗora masa wani abu mai launi a ka. Shi ya sa daga baya tsarin kati ya fi karɓuwa: kowane tarago yana da katinsa mai aljihu, a ciki a sa takardar kaya mai nuna wurare har huɗu, ana juya ta bayan kowace tafiya, direba yana riƙe da katunan jirginsa a hannu. Wasu kuma kwamfuta ke buga musu jerin aikin dare. Amma ya kamata a lura da wanda ya zaɓi alamar. Mutum ne da ya fi kowa damuwa da kyan gani, mai hoto wanda hotunansa suka yi ta fitowa a mujallu da tallan kamfanin Varney mai ƙera ƙananan jirage. Duk da haka, in dare na aiki ya zo, ya yarda a ɗan ɓata kyan don aiki ya tafi ba tangarɗa. Haka ya yi da ƙugiyar haɗa taragu. Ya riƙe samfurin Baker, wadda ba ta yi kama da ta gaske ko kaɗan ba, bayan masu kama da gaske sun shigo kasuwa, saboda ta fi ba shi abin da yake so wajen haɗawa da kwancewa. Ina ganin wannan zaɓi ya fi duk gadojinsa bayyana abin da ya ɗauka da muhimmanci.

Daren Talata

Shimfiɗa irin wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Kowane daren Talata abokansa kan taru, a raba aiki: wannan yadi, wancan jirgin kaya mai tsayawa kowace tasha, wani fasinja. A lokacin tsarin ba kowane kan jirgi umarninsa dabam ta dogo ɗaya bai bazu ba, don haka an yanka layin gunduwa gunduwa ta fuskar wuta, kuma dole direba ya riƙa haɗa totur ɗinsa da gunduwar da jirginsa zai shiga, ya saki wadda ya bari. In ya manta, sai ya tarar yana tuƙa jirgin wani. Wannan ma, ba da niyya ba, ya koya wa mutane tunanin ma'aikacin reluwe: kada ka shiga sashen da ba a ba ka ba.

Yankin Monterey na da sansanonin soja, kuma cikin waɗanda suka riƙa zuwa akwai wani matashi, Andy Sperandeo, da aikin soja ya kawo sansanin Fort Ord. Daga baya ya zama editan mujallar Model Railroader, ya kuma daɗe yana rubutu a kan yadda ake gudanar da ƙananan jirage bisa tsarin gaske. Ta irin wannan hanya abin da aka koya a ɗakin ya fita waje, daga hannu zuwa hannu.

Ba komai na Allen aka gada ba, kuma daidai ne. Yadda layinsa ke ratsa fage ɗaya sau uku ko huɗu a tudu dabam dabam yana da ban sha'awa a hoto, amma ba haka dogo na gaske yake ba. Masu tasowa a bayansa, irin su Allen McClelland da shimfiɗarsa ta Virginian & Ohio a jihar Ohio, sun fi son layi ya ratsa kowane fage sau ɗaya, direba ya riƙa bin jirginsa da ƙafa, sannan a tanadi ɓoyayyun layuka da ke wakiltar sauran ƙasar, inda jirage ke fitowa da inda suke tafiya. A wannan batu ina tare da su. Taragon da ya fito daga wani wuri da ba a gani, ya nufi wani wurin da ba a gani, ya fi gamsar da hankali a kan wanda ke kai da komo tsakanin garuruwan ɗaki ɗaya. Sai dai tushen da suka yi gini a kai, cewa kowane motsi sai da dalili, a wurin irin su Ellison da John Allen suka same shi.

Gobara

Zuciyar Allen ta fara ba shi wahala sosai a shekarun 1960, aikin gini ya ragu, kuma babban layin bai taɓa haɗewa gaba ɗaya kamar yadda ya zana ba. Wannan bai hana aikin daren Talata ba, domin abin da aka riga aka shimfiɗa ya isa a yi aiki a kai, kuma darasi ne ga duk mai cewa sai ya gama gini zai fara gudanarwa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu 1973.

Kwana goma bayan haka abokansa suka taru a gidan, suka gudanar da jirage, suka tattauna yadda za a adana shimfiɗar. Adanawar ba ƙaramin aiki ba ce, tunda an gina duwatsun a jikin ɗakin ne, ba yadda za a ɗauke su a kai wani wuri. Da za su tafi sai wani ya bar hitar gas a kunne don kada sanyi da laima su yi ɓarna. Allen ba ya yawan amfani da ita, har ya rufe ta da takardar kwalta. Wuta ta tashi a daren, ta cinye shimfiɗar. An tsira da wasu kawunan jirgi da 'yan kayayyaki, da kuma ɗimbin hotunan da ya ɗauka.

Ba na ganin laifin wanda ya kunna hitar, domin da niyyar kariya ya yi. Abin da lamarin ya fallasa shi ne cewa gini irin wannan yana cike da sani da ke kan mutum ɗaya kawai: wace waya ce ta wucin gadi, wane makunni ne ba a taɓawa, me aka rufe da me. Katako, takarda, fenti, roba da wayoyin wuta a rufaffen ɗaki haɗi ne mai haɗari ko da mai shi yana raye. Duk ƙungiya ko mutumin da ke da babbar shimfiɗa ya kamata ya sa makunni guda da ke kashe wutar ɗakin gaba ɗaya a bakin ƙofa, ya rubuta tsarin wayoyinsa, ya kuma nuna wa wani abin da ba a taɓawa tun yana da iko.

Allon da ya tsira, da yadda ake kuskuren fahimtarsa

Akwai wani abu guda na Allen da ya bazu fiye da komai nasa, wato ɗan allon wasa da ya kira Timesaver, wanda Model Railroader ta buga bayaninsa a watan Nuwamba 1972, watanni biyu kafin rasuwarsa. Dogo ne gajere mai mararraba biyar, da layin kewaye a tsakiya, da gajerun layukan ratse masu fuskantar gaba da baya, kowanne ba ya ɗaukar fiye da tarago biyu ko uku. An ƙayyade gudun kan jirgin a hankali ƙwarai, mai wasa ba shi da iko a kansa, abin da ke hannunsa kawai gaba ko baya, da juya mararraba. Ana ajiye taragu a wasu wurare, a nuna inda ake so su koma, a danna agogo. Tunda ba za ka iya ƙara gudu ba, hanya ɗaya ta cin nasara ita ce rage yawan kai da komo, wato ka yi tunani kafin ka motsa. Ana iya haɗa alluna biyu, mutum biyu su yi aiki tare suna miƙa wa juna taragu.

A matsayin horo, ban san abin da ya fi shi ba. Wanda ya yi awa guda a kansa zai fahimci bambancin ratse mai fuskantar gaba da mai fuskantar baya fiye da wanda ya karanta shafi ashirin. Matsalar ita ce mutane da yawa sun kwafi zanen sun dasa shi a tsakiyar shimfiɗarsu a matsayin unguwar masana'antu, sun jera masa gine-gine, suna zaton sun kwaikwayi reluwe na gaske. An ƙuntata Timesaver da gangan ne don ya ba da wahala. Kamfanin reluwe kuwa kuɗi yake biya a kan kowane minti na ma'aikata da na kan jirgi, don haka injiniyansa zai tsawaita layin ja da baya, ya sa yawancin ratse su fuskanci gefe guda, ya kawar da duk abin da zai sa a yi motsi biyar a inda biyu za su isa. Allen da kansa a allo dabam ya ajiye wasan, ana buga shi bayan an tashi daga aikin daren, bai cusa shi cikin babban layinsa ba.

Wanda ba shi da fili sai kanta guda a jikin bango, kuma yana son aiki mai kama da gaske, gara ya dubi tsarin Inglenook da Alan Wright ya yi a Birtaniya: mararraba biyu kacal, layuka uku masu ɗaukar tarago biyar da uku da uku, duk suna fuskantar gefe ɗaya kamar yadda ƙaramin yadin kaya yake. Ana zuba taragu takwas, a zaɓi biyar da ƙuri'a, a jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta fito, kuma jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. In aka saita jinkirin tashi da tsayawa a kan jirgin, aka kuma ɗauki dokar cewa sai an tsaya cak kafin a haɗa ƙugiya ko a juya mararraba, jera jirgi guda zai ci minti goma sha biyar zuwa ashirin a allon da bai wuce mita ɗaya da rabi ba.